Gmail bai rufe ƙofa ba, kwaɗo ya canza

Jita-jita ta bazu tsakanin masu rubuta manhaja cewa Google ya hana ƙananan shirye-shirye shiga akwatin Gmail da kansu, wai shirin da ka ɗora wa aikin kwaso saƙonni kowace asuba ya gama yawo. Rabin zancen gaskiya ne. Daga 30 ga Mayu, 2022, Google ya daina barin irin waɗannan shirye-shirye su shiga asusun ɗaiɗaikun mutane da suna da kalmar sirri kawai. Microsoft ma ya fara haka a Exchange Online daga 1 ga Oktoba na shekarar. Amma hanyar IMAP ta kwaso saƙonni tana nan. Abin da ake nema yanzu shi ne izinin OAuth, ko kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16 da Google ke bayarwa bayan ka kunna tantancewa mai mataki biyu.

Zancen da ya fi damuna shi ne na masu cewa wannan kalma mai haruffa 16 ba ta da haɗari, tunda ba ita ce ta ainihi ba. Wannan ganganci ne. Duk wanda ya same ta zai karanta wasiƙunka kaf, kuma wayarka ba za ta nemi amincewarka ba. Ga shi a fili ake yawan rubuta ta cikin fayil ɗin shirin, domin cron, mai tada shirin a kan lokaci, ba ya da yatsun buga kalmar sirri da ƙarfe huɗun asuba. Ka killace fayil ɗin, kada ya shiga GitHub. In ka yi zargi, soke ta. Sauya kalmar sirrin asusun ma yana kashe ta.

Batun cewa shirin yana cinye saƙonni kuwa, ya danganta. Ta hanyar POP3 ana iya goge saƙo bayan an sauke shi. IMAP yana barinsa a wurinsa, sai dai ya nuna an karanta, in ba a buɗe akwatin don dubawa kawai ba.

Sai masu zaton aikin zai gudana ko kwamfuta na kashe. In wuta ta ɗauke, batir ya mutu, cron ba ya ramuwa. Anacron ne ke yi. A Windows akwai zaɓi cikin Task Scheduler na rama aikin da aka tsallake, amma sai ka kunna shi da hannunka.