Ba Kowace Mujalla Ce Ke Da Ubangida A Ɓoye Ba

A hirar ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina, da ma ta alhazai masu ziyara, akwai maganar da ta zama ruwan dare: wai babu mujallar da ke fita sai da sa hannun hukumomin leƙen asiri, kuma ra'ayin jama'a a tafin hannunsu yake. 'Yan'uwa, ina ganin girman masu wannan fahimta, domin ba daga sama suka tsinto ta ba. Amma yadda ake faɗinta, ban gamsu ba.

Gaskiya ne hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba kuɗi ta bayan fage a ƙungiyar Congress for Cultural Freedom, wadda aka kafa a Jamus a 1950. Daga aljihunta aka tallafi mujallu irin su Encounter ta Landan, da Transition ta Kampala, da Black Orpheus ta Ibadan, da Hiwar ta Bairut da Taufiƙ Sayig ya fara fitarwa a 1962. To amma a bi labarin har ƙarshe. Tun ana raɗe-raɗi, marubucin Masar Yusuf Idris ya ƙi karɓar kyautar Hiwar. A 1966 New York Times ta fasa ƙwai, mujallar Ramparts ta ƙarasa a 1967, a shekarar kuma Hiwar ta rufe, masu karatu sun juya mata baya. 'Yan jarida ne fa suka tona asirin. Hukumar da ke juya zukatan mutane yadda ta ga dama, yaya za ta kasa ceton mujallarta guda ɗaya?

Mu ma muna da namu misalin. Turawan mulki ne suka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, da nufin su riƙa isar da maganarsu. Duk da haka editanta, Abubakar Imam, da ya je Ingila a 1943, ya zayyana wa tsohon Gwamna Lugga ɓarnar da ke cikin mulkin En'e, ba kwana-kwana. Albashinsu yake ci, bakinsa kuwa nasa ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne illar wannan zato a kanmu. A nan Madina Abdulƙuddus al-Ansari ya kafa mujallar Al-Manhal a 1937, ya yi wa adabi da tarihi hidima har ƙarshen rayuwarsa. Idan kowace mujalla tana da ubangida a ɓoye, shi ma mun shafa masa kashin kaji ke nan ba da haƙƙinsa ba. Haka yau matashi zai yi rubutu kan gyaran almajirci ko rigakafi, kafin a karanta sakin layi na biyu an ce an saye shi.

A wannan gari aka saukar da Suratul Hujurati, wadda ta umarce mu da bincike kafin yarda da labari, ta hana mu yawan zato. Duk wanda ya ce an sayi wani marubuci, ya faɗi wanda ya biya, da nawa, da takardar shaida. In babu, don Allah ya kama bakinsa, ya amsa rubutun da hujja.