Fim Ɗin Pelé a Sansanin Fursunoni: Ina Gaskiya, Ina Ƙari?

A gidajen kallon ƙwallo na Keffi, idan hira ta kai kan Pelé, akan tuno da tsohon fim ɗin nan na 1981, Escape to Victory, wanda John Huston ya ba da umarni. A ciki Pelé da Sylvester Stallone da Michael Caine sun fito a matsayin fursunonin yaƙi da suka kara da sojojin Jamus. Maganganu uku ke yawo a kansa.

Na farko, wai abin da aka nuna haka ya faru. Ba gaskiya ba ne. Ba a taɓa yin wasa a Paris inda fursunoni suka tashi 4-4 da Jamusawa, sannan suka sulale cikin 'yan kallo ba. Ƙagaggen labari ne da aka gina don nuna cewa ana iya tsare jikin mutum, amma ba a tsare zuciyarsa. A Budapest ta ƙasar Hungary ma aka ɗauki wasan.

Na biyu, wai labarin yana da tushe. Wannan gaskiya ne. Ranar 9 ga Agusta, 1942, lokacin da Kyiv ta Yukren ke ƙarƙashin mamayar Jamus, ƙungiyar Start ta lallasa Flakelf ta sojojin Jamus da ci 5-3. Sai dai a lokacin 'yan Start ba a tsare suke ba. Ma'aikatan gidan burodi ne, yawancinsu tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar Dynamo ta birnin.

Na uku, wai ana tashi daga wasan aka harbe 'yan Start saboda sun ƙi bari a ci su. Wannan ƙari ne. Ranar 16 ga Agusta sun sake buga wasa, suka ci ƙungiyar Rukh 8-0. Daga baya ne aka kama su. Mykola Korotkykh ya mutu a hannun 'yan sandan Gestapo, an kuma harbe uku a sansanin Syrets a Fabrairun 1943, cikinsu har da mai tsaron gida Mykola Trusevych. A 2005 masu gabatar da ƙara na Hamburg suka rufe bincike, domin ba su sami hujjar da ta danganta kisan da wasan ba.

Mutanen nan zalunci ya kashe su, kuma haƙƙinsu ne a faɗi tarihinsu yadda yake. Mu kalli fim ɗin don darasinsa, amma kada mu ɗauke shi a matsayin tarihi.