Ko Kun Sani? Yaron da Aka Ɗauka Don Jifa Ya Gagara a Bugu

Garfield Sobers, wanda aka haifa a Bridgetown ta ƙasar Barbados a 1936, ya fara buga wa tsibirinsu wasan kurket yana da shekara 16, a karawa da Indiya a 1953. Shekara guda bayan haka ƙungiyar West Indies ta ɗauke shi saboda iya jifan ƙwallo, har aka sa shi na tara a jerin masu bugu. Sai da ya shafe kusan shekara huɗu bai ci maki ɗari a wasa ɗaya na ƙasa da ƙasa ba, sannan a 1958 ya zuba wa Pakistan maki 365 a Kingston ba a fitar da shi ba, bajintar da ba wanda ya wuce ta a irin wannan wasa har 1994. Wani zai ce ai baiwa ce, ba sai an jira ta ba. Amma da masu zaɓen 'yan wasa sun yanke masa hukunci da makin shekarunsa na farko, da sun ajiye shi. Jifan ne ya fara sama masa gurbi kafin bugun ya nuna. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.