Kwana goma a gindin bedi: karen da ba shi da mai shi

Duk matafiyin da ya bar Maraɗi ya nufi gabas bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kafin ya kai Agye sai ya ratsa Cadawa, inda hanyar Mayayi take rabuwa ta yi arewa. Idan motarsa ta tsaya, ya sauka neman balangu, zai ga karnuka biyu ko uku kwance nesa kaɗan da tukubar mai nama, sun ɗora haɓa bisa ƙafafunsu, idanunsu na bin hannun mai saye. Ba su matsowa, domin sun san nisan jifa. Haka abin yake a Gazawa, haka yake a Gidan Runji can yamma da Maraɗi, da duk wani gari mai kasuwa da mahauta. Mutane sun saba da su har ba su ganin su, sai ranar da ɗayansu ya ciji yaro.

A wani ƙauye na kusa da Cadawa an yi haka bayan girbi. Wani jan kare mai tsagaggen kunne, wanda ake zaton makiyaya suka bari da suka wuce da bisashensu, ya yi wata biyu yana kwana bayan kwata. Wata safiya ɗan shekara takwas ya taka masa wutsiya yana cin ƙashi, sai ya cafke shi a ƙwauri. Kafin a jima samari sun taru da sanduna, uban yaron a gaba. Ma'aikacin kiwon dabbobi, wanda aka yi sa'a yana zagaye a ƙauyen, shi ya tare su. Ya ce a wanke ciwon yanzu-yanzu da ruwa da sabuni, a kai yaron likita, kare kuwa a kama shi da rai a ɗaure. Wani tsohon mahauci ya yarda a ɗaure shi a gindin bedin bayan gidansa, ya kawo tsohon kasko ya zuba masa ruwa.

Uban yaron ya ga abin kamar raini: an ciji ɗansa, ga shi ana shayar da kare. Alhali kuwa don amfanin ɗan nasa aka yi haka. Ciwon haukan kare yana shiga jikin mutum ta yawun dabbar, ya bi jijiya sannu a hankali har ya kai ƙwaƙwalwa. Sau da yawa yakan yi wata biyu ko uku bai nuna ba, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Da zarar ya nuna, watau mutum ya fara tsoron ruwa da firgita, to, kusan babu mai tashi. Amma karen da yake da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizo ba ya daɗewa, yakan nuna alama ya mutu cikin kwanaki kaɗan. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tsare kare kwana 10 ana duba shi; a Faransa doka ta kai wa'adin kwana 15, kuma likitan dabbobi ya duba shi sau uku. Idan ya cika kwanakin yana cin abinci lafiya lau, hankalin iyaye ya kwanta. Idan an kashe shi an jefa a rami, an binne shaida ke nan, sai dai in an yanke kan an aika da shi Yamai, ɗakin bincike na ma'aikatar kiwo da ake kira LABOCEL, abin da ba kowane ƙauye ke iya yi ba. Sai dai mai karatu ya lura da kyau: tsare kare ba ya nufin a zauna jira. Wankin ciwo na minti 15 da fara allura tun ranar farko su ne ceto. Lafiyar karen ita ce za ta nuna ko a ci gaba da allurar ko a tsaya.

Allurar nan ba sabon abu ba ce. Ran 6 ga watan Yuli 1885 ne Luwi Fastar, masanin nan na Faransa, ya sa aka fara yi ma wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi ma rauni da yawa, kuma yaron ya rayu. Duk da haka, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cutar tana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 bisa 100 na waɗanda ake cizo yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Magani yana nan, nisa da tsada da rashin sani su ke hana shi isa ga talaka.

To, a bar maganar yaron, wanda aka kai likita a kan babur aka fara masa allura, a komo ga karen.

A ƙasashen Turai, kare irin wannan yana da gidan da ake kai shi. A Faransa an kafa ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi, watau SPA, a 1845, kuma a 1850 majalisa ta yi dokar da ake kira dokar Grammont, mai hukunta wanda ya azabtar da dabbar gida a bainar jama'a. A Ingila wata mata, Mary Tealby, ta buɗe gidan ɓatattun karnuka a Landan a 1860. A 1871 aka mai da shi unguwar Battersea, kuma yana nan yana aiki har yau. Tsarin Faransa shi ne, duk karen da aka tsinta yana yawo, ma'aikatan gari su kai shi ma'ajiya, a duba lambar da aka dasa masa ƙarƙashin fata don a gane mai shi, a jira kwana 8 na aiki. In ba wanda ya zo, ana iya miƙa shi ga gidan riƙo, a yi masa allura, a ba shi suna, a ajiye shi cikin ɗaki har ranar da wani iyali zai zo ya ce yana so. Wani kare yakan samu gida cikin mako, wani ya shekara yana kallon ƙofa. Ƴan kwikwiyo su ake fara ɗauka. Tsoho da mai tabo su ke daɗewa. Kada kuma a ɗauka tausayi ne kaɗai ya cika ƙasar: gidajen nan sukan cika maƙil lokacin hutun bazara, domin masu karnukan da kansu suke yar da su a bakin hanya in za su tafi shan iska.

A ƙasar Hausa babu wanda zai ba kare ɗaki alhali baƙo na kwana zaure, kuma magajin garin da ya nemi kuɗin gina ma karnuka gida kafin ya gyara rijiya ko ajin lakwal zai sha tambaya a gaban majalisarsa. Wannan gaskiya ce. Amma kuskure ne a ce Bahaushe bai san darajar kare ba. Mafarauci yakan raba furarsa da karensa, ya yi masa kirari, ya yi masa magani in ƙaya ta soke shi. Ba banza ba aka ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Makiyayi ya san dila ba ta kusantar garken da ke da kare. Mai rumbu a bayan gari, da mai garka, da matar da mijinta ya tafi cin rani, duk sun san daɗin jin haushi da tsakar dare. Har sunan da ake sa ma kare yakan zama saƙo zuwa ga maƙwabci ko kishiya: Bar-su, Ƙyale-su. Malamai kuma sun bayyana cewa shari'a ta yarda da ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya sa baki ciki sau bakwai. Yaran makarantar allo sun san labarin mutumin da aka gafarta ma saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Jifan da ake yi ma kowane kare a kan hanya ba addini ya kawo shi ba, sabo ne kawai.

Wani abin mamaki shi ne, siririn karen nan na Azawak, na Buzaye da Fulanin arewacin Tawa da ƙasar Mali, tun shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, yanzu ana kiwonsa can da takardar asali, ana kai shi gasa, ana sayar da ɗansa da kuɗin da za su sayi sa. Ɗan uwansa na bayan kwata kuwa ko ƙanzo sai ya yi sa'a.

Hanyar da hukumomi suka daɗe suna bi a ƙasashe da yawa, idan cizo ya yi yawa, ita ce zuba guba a nama a watsa da dare. Da safe a kwashe mushe a amalanke, jama'a su ce an yi aiki. Tsugune ba ta ƙare ba. Guba ba ta san karen mafarauci da na juji ba, ba ta san ungulu ba, ungulun da dama sun ragu ƙwarai a mahautanmu. Bayan ƴan watanni kuma wasu karnukan sukan zo daga ƙauyuka su cike gurbin, tun da jini da hanji da juji suna nan inda suke. Abin da ya yi amfani shi ne abin da aka gwada a Injamena ta ƙasar Cadi a 2012 da 2013: aka kafa wuraren allura kyauta unguwa-unguwa, mutane suka kawo karnukansu da igiya, aka yi ma fiye da kashi 70 bisa 100. Cutar ta ɗauke a birnin har tsawon lokaci, sai daga baya karnukan da ke shigowa daga waje suka sake kawo ta, abin da ya nuna aikin ba na shekara ɗaya ba ne, ba kuma na birni kaɗai ba. Binciken da aka yi can ya nuna wani abu kuma: karnukan da ba su da kowa sam kaɗan ne. Yawancin waɗanda ake gani suna yawo suna da gidan da suke komawa da dare, mai gidan ne kawai ba ya amsa cewa nasa ne sai in kare ya kamo zomo.

Nan ne aikin sarakunan gargajiya da masu unguwa da ma'aikatan kiwo yake. Kowace shekara ana fita yi ma shanu da awaki da tumaki allura, ana tara su a wuri ɗaya. Masu karnuka su ne dai masu dabbobin nan. Mai gari ya san gidan da ke da karya mai ciki, ya san wanda ke neman kwikwiyo. Sarkin fawa yana iya sa a binne abin da ya rage a kwata maimakon a watsar. Ran 28 ga watan Satumba, ranar da Fastar ya rasu, ita aka keɓe don faɗakarwa a kan wannan cuta, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 ta zama shekarar da ake fatan a daina mutuwa da cizon kare. Wanda ya iya karatu a ƙauye, ko da a ajin yaƙi da jahilci ya koya, zai iya karanta ma maƙwabtansa maganar sabuni da minti 15.

Karen gindin bedi ya cika kwana goma. Ya ci dusa da tsaki, ya sha ruwa, ya saba da sawun mahaucin har yana kaɗa masa wutsiya. Ma'aikacin kiwo ya dawo ya duba idonsa da bakinsa da tafiyarsa, ya rubuta takarda zuwa likita cewa lafiyarsa lau. Uban yaron ya sauko, amma ya ce kada ya sake ganin karen a unguwarsu. Mahaucin kuwa ya ce riƙo ya karɓa, ba kyauta ba, kuma matarsa ta gaji da haushi.

Aka aika ma wani mafarauci. Ya zo ya tsuguna, ya dubi ƙirjin karen da dogayen ƙafafunsa, ya yaba, sannan ya ce ya girma, ba zai koyi bin sawu ba, shi kwikwiyo yake nema. Wani mai garkar tumatir a bakin fadama ya ce yana so, in dai za a yi masa allura tukuna, kuma ba shi zai biya ba. Ma'aikacin ya ce zai tambayo a Agye ko akwai allurar karnuka a sanyi. Ranar kasuwa ta zo ta wuce bai dawo ba. Da yamma mahaucin ya ƙara ma igiyar tsawo don karen ya riƙa kaiwa inuwar katanga, ya juye masa ruwan wankin tukunya a kasko.