Zunubi ko laifi: yadda Turanci ke rarrabe munanan ayyuka

Da kalmar “laifi” guda ɗaya Bahaushe kan ambaci abin da yaro ya yi wa mahaifinsa, da kuma abin da ɗan fashi ya yi wa matafiya. A Turanci kuwa kowanne da sunansa, kuma wanda ya sa wata kalma a gurbin wata, a takardar ƙara ko a shafin jarida, yana iya ɗora wa mutum abin da bai aikata ba.

Babban rabon da ya kamata mai koyo ya fara sani shi ne wanda ke tsakanin sin da crime. Sin ita ce zunubi, wato saɓa wa Allah. Crime kuma laifi ne da dokar ƙasa ta tanadar masa hukunci. Akwai offence, wadda ta haɗa manyan laifuffuka da ƙanana, har da karya dokar tuƙi.

Iyakar da ke tsakanin biyun ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A Ingila, kashe kai laifi ne a doka har zuwa shekara ta 1961, haka nan saɓo sai a 2008 aka soke shi daga jerin laifuffuka. Coci bai daina kallon saɓo a matsayin zunubi ba, kotu ce ta janye hannunta.

Zina da adultery

Babu inda wannan giɓi ya fi fitowa fili kamar a kalmar zina. Turanci ya raba ta biyu: adultery, idan ɗaya daga cikin mutanen biyu yana da aure a lokacin, da fornication, idan dukansu ba su da shi. Ta biyun ma tsohuwar kalma ce, ba a cika jin ta ba sai a littattafan addini.

A watan Maris na 2002, lokacin da kotun shari'a ta Bakori a jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin rajamu, jaridun ƙasashen yamma sun yi ta amfani da adultery. Amma ita bazawara ce, don haka a ma'anar Turanci kalmar ba ta dace da ita sosai ba. Abin da fiƙihu ke dubawa shi ne ihsani, wato ko mutum ya taɓa yin aure ingantacce, ko da auren ya mutu, kuma Turanci ba shi da kalma guda da ta ɗauki wannan ma'ana. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke hukuncin a watan Satumba na 2003.

Kisan kai

Murder kisa ne da gangan. Manslaughter kuma kisa ne da ba a yi niyyarsa ba, ko wanda wani dalili ya sassauta nauyinsa. Homicide ta haɗa duka. Ana iya kwatanta su da kisan ganganci da kisan kuskure na fiƙihu, ko da yake ba su yi daidai ta kowane gefe ba.

Sai dai wanda ya halarci zaman babbar kotu a Kano ko Kaduna zai fi jin culpable homicide. Dalili shi ne dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960 an kwaikwayo ta ne daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860. Kudancin Nijeriya, mai bin Criminal Code, shi ya riƙe murder da manslaughter. Ƙasa ɗaya, laifi ɗaya, suna biyu.

Dukiyar mutane

Theft sata ce tsagwaronta. Idan aka haɗa da ƙarfi ko barazana ta zama robbery, wato fashi. Burglary kuma shiga gini ne ba da izini ba da nufin sata, ko da ɓarawon ya fita hannu biyu. A nan ɗalibai kan yi tuntuɓe da nahawu: steal kayan da aka ɗauke take bi, rob kuwa mutumin ko wurin da aka yi wa ɓarna.

“Cin hanci da rashawa” ita ce fassarar da aka saba yi wa corruption, amma kalmar laima ce kawai. A ƙarƙashinta akwai bribery, ba da toshiya ko karɓarta. Da embezzlement, wato wawure dukiyar da aka damƙa wa mutum amana. Da fraud, zamba ke nan. Lambar 419 da ta yi suna a duniya sashe ne na Criminal Code da ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. A Penal Code sunan laifin cheating, kalmar da ɗalibi ya fi sani da satar amsa a jarrabawa.

Zargi ba hukunci ba ne

Kalmomin da suka fi haɗari su ne waɗanda ke nuna inda shari'a ta kai. Suspect wanda ake zargi ne. Charged na nufin an tuhume shi a hukumance. Convicted, kotu ta same shi da laifi. Acquitted, ta wanke shi. Shi ya sa labaran hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, ke cike da alleged da allegedly, wato bisa zargi.

Mai fassara da ya yar da wannan ƙaramar kalma ya mayar da wanda ake tuhuma ɓarawo tun alƙali bai zauna ba. Wannan ma Turanci ya yi masa suna: defamation, ɓata suna. Idan da baki aka yi shi slander ne, idan a rubuce ne libel, kuma dukansu ana kai mutum ƙara a kansu a nemi diyya.