Sakkwato: Birnin Shehu a bakin gulbi

Birnin Sakkwato yana bisa wani tudu ne, dab da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, kuma tun kafuwarsa rayuwar mazaunansa ta dogara ne a kan waɗannan gulabe biyu.

A shekarar 1809, shekara biyar da soma jihadi, Muhammadu Bello ya kewaye wurin da ganuwa. Mahaifinsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya taso daga Sifawa ya tare a garin a 1815, inda Allah Ya yi masa rasuwa a 1817. Har gobe jama'a na zuwa ziyara Hubbarensa daga ciki da wajen Najeriya.

Turawan Ingila sun ci garin da yaƙi a watan Maris na 1903. A 1967 ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976.

Ilimi da sarauta

Shehu da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansa Bello da Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce cikin Larabci da Fulatanci da Hausa.

Jami'ar garin, wadda aka kafa a 1975, tana ɗauke da sunan Shehu. Kazalika, a nan ne fadar Sarkin Musulmi take, sarautar da Muhammad Sa'ad Abubakar ya hau a 2006.

Tattalin arziki

A fadamun gulaben ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa da rake. Manyan motoci kan ɗauki amfanin gonar su bi ta Dogon Daji da Tambuwal da Jega zuwa kasuwannin kudu.

Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ta daɗe da yin suna. A da fatake kan ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko.

Babbar masana'antar garin ita ce ta siminti da ke Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967.

Sai dai ruwan da ke ciyar da garin yakan yi masa ɓarna. A watan Satumba na 2010, ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka, ta kuma yanke hanyar zuwa jami'a, bayan da madatsar ruwa ta Goronyo ta tumbatsa.

Da bazara kuma, lokacin da zafi kan haura digiri 40, unguwanni da dama sai sun sayi ruwa a hannun 'yan ga-ruwa.