Ƙwaron Hamada Mai Ɗigon Fari

A cikin halittun da Allah ya zuba a hamadar Sahara akwai wani baƙin ƙwaro mai farauta, wanda masana ke kira Anthia sexmaculata. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, mai suna Fabricius, shi ya fara bayyana shi a littafi cikin shekarar 1787.

Mazauninsa ƙasa mai rairayi ce, mai ƙarancin ruwa. Ana samunsa a Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar, har zuwa kudancin hamada, wajen Nijar da Chadi. Idan rana ta ƙwalle sai ya shige rami ko gindin ciyawa ya fake, in zafi ya sauka ya fito neman abinci.

Gane shi ba wuya. Tsawon babbansu ya kan kai inci ɗaya da rabi. Jikinsa baƙi ne wuluk, da fararen ɗigo a bisa bayansa. Ma'anar sunansa ita ce mai ɗigo shida, amma sau da yawa ɗigon ya kan fi haka. Yana da manyan idanu, da siririn ƙugu, da muƙamuƙai masu kaifi kamar lauje, waɗanda ya ke kama ƙananan ƙwari da su. Ba ya iya tashi sama, amma dogayen ƙafafunsa shida sun isar masa, gama gudu gare shi ƙwarai.

Kada ku ɗauke shi buzuzu. Shi buzuzu gajere ne, dunƙulalle, mai nawa, aikinsa mirgina kashin dabbobi. Wannan kuwa dogo ne, ba ya zama wuri ɗaya.

To, me ya sa ya kamata ku san kamanninsa? Domin yana da makami a ƙarshen cikinsa. Idan aka matsa masa sai ya ɗaga baya ya feso wani ruwa mai zafi, irin wanda waɗansu tururuwa ke da shi. In ruwan nan ya shiga ido, ya kan yi raɗaɗi mai tsanani. Fararen ɗigon nan kuwa gargaɗi ne ga tsuntsaye da ƙadangaru, watau su nisance shi.

Saboda haka, yara, in kun gan shi ku dube shi daga nesa, kada ku kama shi da hannu, kada kuma ku kai fuska kusa. Wanda aka fesa wa a ido, a wanke masa da ruwa mai tsabta da yawa nan da nan, sa'an nan a kai shi asibiti.